Kada A Toshe Tagogin Reino

Shugabar hukumar makaranta, Uwargida Gayle Tervo, 'yan hukuma da ke zaune dama da hagunta, shugaban makarantar firamare ta Kivi Bay, Malam Dale Pelto, da malaman da ke aiki tare da shi, Fasto Lindgren, 'yan kwana-kwana na sa kai, waɗanda suka riga kowa isowa ranar da abin ya faru, ma'aikatanmu masu rufi da ke tsaye can baya jikin bango, domin ba su saba da zaman kujera ba, iyaye mata da iyaye maza, dattawan gari, maƙwabta da abokan arziki: ina yi muku barka da rana, ina kuma yi muku sannu da sanyi.

Babu wanda bai san ni ba a ɗakin nan, amma ƙa'idar taro ta ce mai magana ya faɗi sunansa. Ni ce Marlys Ruona, matar marigayi Reino Ruona, kuma abokiyar aikinsa a kan rufi shekara talatin da ɗoriya. Tare muka yi rufin makarantun lardin nan, tare muka yi rufin wannan da muke zaune a ƙarƙashinsa, kuma ta cikin wannan rufin ne ya faɗo ya rasu a hunturun nan.

Kafin komai, godiya. Na gode wa matan coci da suka cika mini firji da pasti, burodin nan namu mai nama a ciki, har na rasa inda zan sa madara. Na gode wa waɗanda suka faskara mini itace suka jera, ba tare da na roƙa ba. Na gode wa Wes Maki, mai kula da ginin nan, wanda ya riƙe hannun maigidana har motar asibiti ta iso. Na gode wa hukuma da ta ba ni wannan dama, alhali ta san ba goyon bayanta na zo yi ba. Abin da kuka yi mini ba ya biyuwa, sai dai Allah ya saka muku.

Abin da ke gabanku yau guda ne. Za a sabunta rufin makarantar nan idan bazara ta shigo, kuma an kawo shawara cewa a cire tagogin sama guda shida da ke kan wannan ɗakin karatu, a toshe gurbinsu, sannan a raɗa wa ɗakin sunan Reino. Na san da zuciya ɗaya aka kawo shawarar. Na san ƙauna ce ta kawo ta, da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki nauyi, wanda zan zo kansa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zo ne in roƙe ku kada ku toshe tagogin nan, kuma zan faɗi dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ku tuna yadda aka yi tagogin suka samu. Da yawanku a nan kuka yi karatu, kamar yadda Reino ya yi. Kun san yadda watan Disamba yake a garin nan: yaro ya hau motar makaranta cikin duhu, ya sauka cikin duhu, ya koma gida rana tana shirin faɗuwa. Wannan ɗakin kuwa a tsakiyar gini yake, azuzuwa sun kewaye shi ta ko'ina, ba shi da bango ko ɗaya da ke kallon waje. Reino ya sha gaya mini cewa yana yaro ya tsani littafi, sai da ya girma ya gane ba littafin ya tsana ba, ɗakin ya tsana. Saboda haka da aka ba mu aikin rufin wancan karon, sai ya zo gaban hukuma da hularsa a hannu ya ce yana so a buɗe wa yara sama. Marigayi Waino Harju ne shugaba a lokacin, kuma kun san bakinsa. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai Reino, mu fa mai toshe rami muka ɗauka. Yoyo ɗaya ya ishe mu, kai kuma ka zo mana da ramuka shida?" Reino ya ce, "Dattijo, in ɗigo ɗaya ya sauko ta nan, ka kira ni in zo in tare shi da bakina." Waino ya ce, "Wannan bakin naka ai ko tafkin garin nan zai ɗauke." Aka yi dariya, aka amince. Tun daga ranar har yau ɗigo ɗaya bai sauko ta tagogin nan ba. Malama Aho tana nan zaune, ku tambaye ta yadda 'yan aji ɗaya suke kwanciya rigingine a kan darduma, littafi a ƙirji, suna kallon dusar ƙanƙara tana sauka a kan gilashi. Ku tambaye ta sau nawa ta yi kamar ba ta gansu ba.

Na biyu, dole in faɗi yadda ya rasu, daki-daki, domin na lura ana ta raɗa a shago da bakin coci, kuma duk inda na doso sai a yi shiru. Raɗa ba ta warkar da kowa. Gara ku ji daga bakina.

Rufin makaranta ba irin na gidajenku ba ne, inda dusa ke zamewa ta faɗo da kanta. A shimfiɗe yake, duk abin da ya sauka a kansa nan zai zauna, ya yi nauyi, ya toshe magudanai. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu muke da Asabar ɗin shebur. Idan iskar tafki ta juye mana dusar da ta juye, sai a yi gayya, maza su hau da shebur da tamfol, mata su dafa kofi a ɗakin girki na makaranta, a tashi da yamma kowa ya nufi sauna, ɗakin wankan tururi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ni ba zan taɓa zagin wannan al'ada ba, domin ita ta riƙe rufin nan shekara da shekaru.

To amma dusa tana ɓoye taga. Idan ta yi kwana biyu tana zuba, iska ta baje ta, ba ka bambanta inda ƙarfe da kankare suke da inda gilashi yake. Duk fari ne, duk sumul. Don haka kowace kaka, kafin sanyi ya kama, Reino yakan hau ya kafa sanduna masu launin lemo, huɗu a kusurwoyin kowace taga, kowace a cikin bututun da aka dasa a bulo. A wurin mai rufi, sandar nan magana ɗaya take yi: kada ka matso. Kuma kowace Asabar ɗin shebur yana tsaye a tsakiya yana daka wa mutane tsawa. Kun san muryarsa. "Kai Carl, tsaya nan! Kana so matarka ta ci kuɗin inshora tun yanzu?"

A wannan karon ba ya nan. Muna asibitin birni, 'yarmu Kaisa tana naƙuda. Na ji abin da aka faɗa a nan da safen Asabar ɗin. An ce, "Ku ƙyale bawan Allah ya ga jikarsa. Sau nawa muka hau rufin nan? Mu yi masa ba-zata, ya dawo ya tarar an gama." Kuka hau, kuka yi aiki kamar ba gobe. Kuka share kewayen tagogin har gilashi ya fito fili, kowa yana ganinsa, sandunan suka zama kamar ba su da sauran amfani. Kuka buɗe hanya daga tsakiyar rufi zuwa gefen da ake zubar da dusa. Da aka ga ta fara saukowa kuma, hanyar tana neman ɓacewa, sai aka yi abin da kowane ɗan garin nan yake yi tun yana yaro. Kowa a nan yana kafa irin sandunan nan a gefen hanyar gidansa, don mai motar share dusa ya san inda zai bi. A wurinku sanda tana cewa: ga hanya, bi ta nan. Sai aka zare su daga kusurwoyin tagogi, aka jera su gefen hanyar, tsaf, gwanin kyau. Da aka tashi, kowa ya gaji, yamma ta yi, aka sauko aka bar su a can.

Dusa ta ci gaba da zuba har muka dawo ranar Lahadi. Washegari da safe Reino ya ce bari ya leƙa magudanan makaranta. Na ce masa, "Mutumin nan, ka zauna mana. Ko hutawa ba ka yi ba, kuma an ce an share." Ya ce, "Sharar Carl? Marlys, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ɗora kofi, yanzu zan dawo." Ya hau cikin iska, ba ya ganin nesa. Ya hangi sanduna a gabansa, ya yi abin da ya yi duk tsawon rayuwarsa, ya kauce musu, ya ba su fili. Inda ya kauce ya taka, nan taga take.

A nan ya faɗo, kusa da inda teburin hukuma yake yanzu. Wes ya ji ƙarar, ya rugo. Ya gaya mini maganar farko da Reino ya yi ita ce, "Akwai yara?" Wes ya ce, "Babu, yau an rufe makaranta saboda dusa." Ya ce, "To madalla." Ya kalli ramin da ya bari, dusa tana zubowa ta ciki, sannan ya ce, "Wes, ka nemo tamfol ka rufe littattafan nan, za su jiƙe." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Jikarsa sau ɗaya ya ɗauke ta.

Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Na uku, ina so in yi magana da wanda ya zare sandunan. Ban san ko wane ne ba. Ban tambaya ba, ba zan tambaya ba, kuma na roƙi ɗan sanda da ya zo bincike kada ya gaya mini ko da ya sani. Wataƙila ma ba mutum ɗaya ba ne. Wani ya zare, wani ya miƙa, wani ya kafa, wani ya gani ya ce ya yi kyau. Abin da na sani shi ne, tun bayan jana'iza, duk safiyar da dusa ta sauka, kafin in farka wani ya riga ya share mini hanya daga ƙofa har bakin titi, ya tafi ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Ina ganin sawun takalminsa. Ɗan'uwana, ko kai wane ne, ka saurare ni a gaban jama'a: ba ka kashe mijina ba. Taimako ka je yi. Hannunka ya yi abin da ubanka ya koya masa, ƙafar Reino ta yi abin da sana'a ta koya mata, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Na yi fushi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na yi fushin da har na kasa shiga coci, na kasa kallon fuskokinku a shago. Amma fushin ya gaji ya bar ni, ya bar mini kewa kawai. Gobe in ka zo, ka jingine shebur ɗin ka ƙwanƙwasa. Akwai kofi, akwai burodin nisu mai zaƙi, kuma gidan ya yi mini shiru da yawa.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da na ce ya fi baƙin ciki nauyi. Jama'a, laifi kuke ji. Gari guda yana jin laifi, ya rasa wanda zai ɗora wa, sai ya ɗora wa gilashi. An bar jaki ana dukan taiki. Kuna so a toshe tagogin ne don kada ku shigo ɗakin nan ku ɗaga kai ku tuna. Na fahimta, wallahi na fahimta, domin ni ma yau ne karo na farko da na iya tako ƙofar nan. Amma wa zai biya wannan mantuwar? Ba ni ba, ba ku ba. Yaran da ba su hau rufi ba, ba su zare sanda ba, ba su san komai ba, su za su zauna a duhu hunturu bayan hunturu don manya su samu sauƙin zuciya. Ku huce haushinku a kan wani abu, kada ku huce shi a kan 'ya'yanku.

Kuma ku yi tunanin abin da kuke shirin rubutawa a ƙofar can. Mutumin da ya zo da hula a hannu ya roƙi haske, ku ɗauki sunansa ku liƙa a ɗaki mai duhu? Da yana nan da ya ce, "Kai, wannan karramawa ce ko zagi?" Ni matarsa ce, na san shi fiye da kowa, kuma ina gaya muku gara ku bar sunansa a kan dutsen kabarinsa kawai da ku yi masa haka.

Na huɗu, ba kuka kaɗai na kawo muku ba, domin ni mai rufi ce, kuma mai rufi ba ya nuna yoyo ya tafi. Akwai ragar ƙarfe da ake ɗorawa a kan tagar sama, a ɗaure ta a jikin gini, wadda ko ƙato ya faɗa kanta da shebur ɗinsa ba za ta ba da kai ba, haske kuma yana wucewa. Akwai igiyar ƙarfe da ake ja daga wannan gefen rufi zuwa wancan, ma'aikaci ya maƙala ɗamararsa tun daga bakin tsani, ba sai ya isa gefe ba. Injiniyar da hukuma ta ɗauko ta duba, ta ce ginin zai ɗauki duka biyun, ta kuma ce toshewa da barin tagogin duk mai yiwuwa ne, zaɓi naku ne. Raga ba ta buƙatar kowa ya fahimce ta. Ba a zare ta, ba a jera ta gefen hanya, ba ta nufin wani abu ga mai rufi ta nufi wani abu dabam ga maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan ne rigakafin.

Sai abu mai wuya, wanda na san dattawa ba za su so ji ba. Ku sauko daga rufin nan. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma a kan farin rufi dukanmu makafi ne, har wanda ya gina shi. Ku bar hawa ga waɗanda aka horar, masu ɗamara da igiya. Ban ce a kashe Asabar ɗin shebur ba. A yi ta a ƙasa. Ƙofofin makaranta suna buƙatar shara, bakin famfon kashe gobara yana buƙatar tono, tsofaffin da ke kan titin tafki suna kwana biyu ba su iya buɗe ƙofarsu. Kofi yana nan, pasti yana nan, sauna tana nan. Carl ma zai samu inda zai yi ta surutu ba tare da ya tsorata matarsa ba. Abu ɗaya za ku rasa, shi ne tsani.

Hukuma ta ce ni da ma'aikatana za mu yi sabon rufin, duk yadda ƙuri'a ta kaya. Don haka ku san wannan: idan kuka ce a toshe, ni zan toshe. Zan hau da kaina in kwance abin da na riƙe masa yana ɗaurewa, in shimfiɗa ƙarfe, in ɗora abin tare sanyi, in ja roba a kai in liƙe bakinta, kuma zan yi aiki mai kyau, ba zai yi yoyo ba ko bayan raina. Ba zan yi muku ha'inci ba, ba zan yi gaba da kowa ba. Amma ina roƙonku, don girman Allah, kada ku sa hannuna ya yi wannan aikin.

An ce gani ya kori ji. Wes, don Allah kashe mana fitilun nan. Duka.

Yauwa. Ku ɗan zauna haka, kada kowa ya ce komai.

Ku da ke baya, ku dubi hannuwanku. Kuna ganinsu, ko ba haka ba? Kuna ganin fuskar na kusa da ku, kuna iya karanta takardar da ke kan cinyarku. Rana ce ta hunturu, gajimare ya rufe sama, amma ga shi tagogi biyar sun wadace ku. Yanzu ku dubi nan gaba, ƙarƙashin ta shida, wadda aka buga wa katako tun ranar da ta fashe. Uwargida Tervo, ki gafarce ni, daga inda nake tsaye da ƙyar nake ganin idanunki. Wannan taga ɗaya ce aka rufe. Shawarar da ke gabanku ta ce a mai da ɗakin duka kamar inda kike zaune, a kuma sa yara ƙanana a ciki.

Ba ni da sauran hujja. Alfarma ɗaya nake nema: kada a kunna fitila sai an gama ƙuri'a. Duk wanda zai ɗaga hannu a toshe, ya ɗaga shi a cikin hasken nan, yana ganin abin da zai kashe.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan Reino, ka ba shi hutawa. Ka sauke nauyin da ke kan zuciyar duk wanda ya hau rufin nan a ranar Asabar ɗin, ka ba shi barci mai daɗi. Ka ba shugabanninmu hikima a abin da za su yanke. Ka tsare duk wanda sana'arsa ke kai shi sama, ka sauko da shi lafiya wurin iyalinsa. Ka raya mana yaran makarantar nan, da jaririyar da ba za ta san kakanta ba. Ka kai kowa gidansa lafiya a kan wannan santsi, ka nuna mana narkewar ƙanƙara da rai da lafiya. Amin.

Na gode.